Mai Guga da Karyar Ƙaninta

Mai Guga ake ce mata a layinsu, har jikokinta ma haka suke kiranta in suna son tsokana. Tun da mijinta ya rasu ta ja teburin cin abincinsa zuwa bakin taga, ta shimfiɗa masa tsohon bargo da farin zane, ta hau gugar kayan mutane. Da wannan teburin ta ciyar da 'ya'ya uku har kowa ya kama gabansa. Dutsen gugarta biyu ne, na wuta da na gawayi, amma ta fi yarda da na gawayin, don shi ba ya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Gajeriya ce mai jiki, ga faɗa, hannunta duk tabon ƙuna. Ba ta tsoron mai gidan haya, ba ta tsoron ɗan sanda, ta taɓa kashe maciji da shebur a bayan ɗakinta ta dawo ta ci gaba da gugarta. Abu ɗaya ne take tsoro, shi ne kare.

Tana 'yar yarinya aka aike ta sayen kananzir, goye da ƙaninta. Wani baƙin kare ya biyo ta, ta ruga, ya cafke ta a bayan ƙwauri. Ruf da ciki ta faɗi don kada ta danne yaron. An yi ta kai ta asibiti ana soka mata allura a ciki, manya kuma suna ta ba da labarin wani mutum da kare ya ciza, wai sai da aka ɗaure shi a gado yana haushi kafin ya mutu. A gabanta suke faɗa, sun ɗauka ba ta ji. Tun daga lokacin, ko hoton kare ta gani a jikin rigar da aka kawo guga, sai ta kife rigar ta goge ta ta baya.

Abin haushin, wannan yaron da ta goya shi ne ya tashi da son karnuka. Kafinta ne, duk gari Kafinta ake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Auta ko da yake furfura ta cika masa gemu. Matarsa ta daɗe da barinsa, 'ya'yansa suna nesa, shi kaɗai yake aiki a shagonsa, shi da wata karya mai launin toka da ya raɗa wa suna Toka. Saboda karyar nan Mai Guga ba ta taɓa taka shagon ba. In tana nemansa, daga tsallaken titi take tsayawa ta ƙwala kira.

Wata rana da hantsi, tana tsakiyar gugar wani farin wando, aka kira ta a waya aka ce Kafinta ya faɗo daga saman rufin da yake bugawa. Ko gawayin ba ta kashe ba, maƙwabciya ce ta shigo ta juye shi.

Ta same shi a gadon asibiti ya yi fari fat, ƙugunsa ya karye, likitoci sun ce sai an yi aiki, amma sai jininsa ya sauka tukuna. Ya kamo hannunta. Ta ɗauka wasiyya zai bari.

"Yaya," ya ce, "Toka ta haihu shekaranjiya. Bakwai."

"Kai da Allah, wa ke ta karya kana kwance a nan?"

"Na kulle ta a shago. Ba ruwa, ba abinci. Ga mukulli a aljihun wandona."

"Ba wa Mai Walda maƙwabcinka mana."

"Ba ta ƙaunarsa, ya taɓa jifanta. Ke kaɗai nake da ita, Yaya. In ta mutu ina nan kwance, wallahi..." Bai ƙarasa ba, ya juya fuska bango.

Ta so ta zage shi, sai ta ga yadda kafaɗarsa ke rawa. Ta zaro mukullin.

Da rana tsaka ta isa shagon, hannu ɗaya da sandar goge-goge, ɗaya da murfin babbar tukunya, ga ledar abinci rataye a wuyan hannu. Mai Walda, wanda shagonsa ke jingine da na Kafinta, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya kalle ta sama da ƙasa.

"Inna, yaƙi aka fara ba mu ji ba?"

Ta wuce shi. Ta buɗe ƙofar ƙarfen kaɗan. Warin garin katako da gam da fenti ya buge ta, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni. Can ƙarƙashin bencin aiki, bayan jingin katakai, ido biyu suna kallonta. Sai gurnani, ƙasa-ƙasa, irin wanda mutum ke ji a cikinsa kafin kunnensa ya ji. Ta ajiye kwanon ruwa da na abinci a bakin ƙofa, ta tura su da dogon katako har suka kusa bencin, ta ja ƙofa ta kulle. Sai da ta kai gida ta lura ashe da takalmi ƙafa ɗaya ta dawo.

Kashegari abincin yana nan yadda ta bar shi, ƙuda sun rufe shi. Ruwan ma kaɗan aka taɓa. Ran nan ne ta ji kukan kwiyakwiyan, siriri, ba ya tsayawa. Ta san wannan kukan. Lokacin da take goyon ɗanta na biyu mahaifiyarsu ta rasu, baƙin ciki ya hana ta ci, nono ya ɗauke. Yaron ya kama ya tsotsa, ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa. Ba ta taɓa mantawa ba. Ta tsuguna daga nesa ta leƙa. Toka na kwance a gefe, haƙarƙarinta a waje, nonuwanta sun yamutse kamar aljihun da ba komai, 'ya'yan suna ta tururuwa a kai suna ja suna saki.

"Ke ma kin ƙi ci ne don ba ya nan," ta ce. "To ai ba mutuwa ya yi ba."

Ta tuna abin da ya dawo mata da nata nonon: wata tsohuwar maƙwabciya ce ta tsare ta da romo mai ɗumi, da ruwan hulba, da tsumma mai zafi a ƙirji, da barci. Ta je wurin mahauci ta sayo ƙashi da hanta, ta dafa har ƙashin ya saki, ba gishiri ba yaji ba albasa, don Auta ya ja kunnenta a kan albasa. Ta tace romon tas, ta tsince ƙasusuwan, ta farfasa dafaffen ƙwai a ciki, ta ɗiga ruwan hulba kaɗan. Toka ta sunsuna, ta kawar da kai.

A asibiti Auta ya tambaye ta, ta ce lafiya lau karyar take ci. Ya kalle ta ya ce, "Yaya, ba ki iya ƙarya ba." Da za ta fita idonta ya faɗa kan rigar da ya faɗo da ita, a cukurkuɗe ƙarƙashin gado, duk gumi da garin katako. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayin ta kai ta wanke ta sa mata sitati. Ta danne zuciyarta, ta cusa ta a leda yadda take.

Da ta jefa rigar kusa da bencin, Toka ta miƙe a karo na farko. Mai Guga ta manne da ƙofa tana salati. Karyar ta cusa hanci cikin rigar, ta yi wani kuka mai kama da na mutum, ta ja ta da haƙori zuwa wurin 'ya'yanta. Ta daɗe kwance a kai. Sannan ta taso, tana tangaɗi, ta sa harshe a romon. Ba ta ɗaga kai ba sai da kwanon ya fara yawo a kan siminti.

Amma an makara wa ɗaya. Da safe Mai Guga ta ga ƙaramin cikinsu an ture shi gefe, ya miƙe, ba ya motsi. Dole a ɗauke shi, kuma ba mai ɗaukewa sai ita. Ta ɗauko cokalin kwashe shara, ta matsa taku ɗaya, ta tsaya, ta sake matsawa, idon uwar a kanta. Zufa ta jiƙe mata baya. Tana jin tabon ƙafarta yana zugi kamar yau aka cije ta. Da ta tura cokalin ƙarƙashin gawar, Toka ta ɗaga leɓe haƙora suka bayyana, sai kuma ta mayar da kai ƙasa. Mai Guga ta fita da baya, ta binne shi a gindin katanga, ta zauna a kan wani bulo har numfashinta ya daidaita.

"Sauran ba za su bi shi ba," ta faɗa wa Mai Walda, ko da yake bai tambaye ta ba.

Daga nan ta mayar da shagon wurin zuwanta safe da rana da yamma. Ta kawo dutsen gugarta na gawayi, tana hura shi a waje nesa da garin katako, ta ɗumama tawul ta shimfiɗa wa kwiyakwiyan, wani kuma ta jiƙa ta ɗumama don cikin uwar. Da farko da sanda take ɗora shi. Wata rana sandar ta zame, tawul ɗin ya faɗi gefe, kafin ta yi tunani hannunta ya kai. Ta ji gashi da ɗumin fata a ƙarƙashin tafinta, ta runtse ido tana jiran haƙori. Abin da ta ji shi ne harshe mai kaushi a wuyan hannunta. Ta koma gida ta wanke wurin da sabulu har fatar ta yi ja.

A kemis ɗin bakin titi, inda take sayen maganin ciwon gwiwa, ta yi zancen. Mai kemis ya ɗauko wata 'yar kwalba cike da ƙananan ƙwayoyi farare.

"Wannan daga ganye aka yi shi, Inna, ba ya illa ko kaɗan. Mata masu shayarwa na sha, dabba ma ana ba ta. Ki jefa biyu a ruwanta."

Ta saya. Da ta ga kamar biyu sun yi kaɗan ga karya mai 'ya'ya shida, sai ta riƙa jefa huɗu.

Nono ya zo. Kukan ya ɗauke, cikin kwiyakwiyan ya yi tulu-tulu, suka buɗe ido, suka fara jan ciki a cikin garin katako. Sun zama kamar ba su da aiki sai tsotso. Mai Guga ta riƙa ɗaukar hotonsu daga nesa tana kai wa Auta, yana kallo yana dariya har ƙugun ya tuna masa. Duk da haka ba ta taɓa juya wa Toka baya ba.

Ranar da aka shiga da Auta ɗakin tiyata, ma'aikaciyar jinya ta ce mata aikin zai daɗe, ta je ta huta, za a kira ta. Ba ta iya zaman jira, sai ta nufi shagon da kwanon romo.

Tun daga ƙofa ta ji haki. Toka na tsaye a tsakiyar shagon, ta bar 'ya'yanta suna ta tsuwa, ƙafafunta sun sandare kamar na kujera. Dalala na zuba daga bakinta. Idonta a buɗe tar, amma kamar ba ta ganin komai. Ta yi taku ɗaya, ta bangaji jingin katako, ta faɗi, jikinta duka ya kama karkarwa, haƙoranta na haɗuwa.

Kwanon ya suɓuce daga hannun Mai Guga. Ihun da ta yi sai da ya tsayar da injin Mai Walda. Ya shigo da gudu, ya kalla sau ɗaya, ya ja ta waje.

"Ta haukace! Inna, haukan kare ne, dubi bakinta!"

Mutane suka fara taruwa. Wata mata ta kwashe 'ya'yanta ta shige gida ta banko ƙofa. Mai Walda ya koma shagonsa ya fito da rodi mai tsawon mutum. Ita kuwa Mai Guga tana tsaye tana kallon wuyan hannunta, wurin da aka lasa, tana lissafin ƙananan ƙunar da ke hannun nan, kowace ƙofa ce a buɗe ga cutar. Ta hango kanta ɗaure a gado. Ta kira wayar Auta don ruɗewa, tana sane yana kwance ƙarƙashin wuƙa.

Sai kwalbar ta faɗo mata a rai. An ce biyu, ta ba da huɗu.

"Tsaya," ta ce. Ba a ji ta ba. Ta sha gaban Mai Walda ta tsaya a bakin ƙofar, bayanta ga karyar. "Tsaya, ɗan nan. Wataƙila ni ce. Magani na ba ta, na wuce ƙa'ida."

"Inna, matsa. Yara ne cike da layin nan, nawa ma suna ciki. In ta fito fa?"

"Ko tashi ba ta iyawa, ina za ta fito? Ƙanena yana can an farke shi. In ya farka me zan ce masa? Ka kai ni wurin likitan dabbobi. In shi ya ce hauka ce, ba zan ce uffan ba."

Mai Walda ya dube ta, ya dubi rodin, ya yi tsaki ya jingine shi. Ya sa safar hannunsa ta walda, suka jefa wa Toka bargo, suka naɗe ta, suka ɗora a bayan motarsa ta ɗaukar ƙarafa. Kwiyakwiyan aka zuba su a kwali. Dole wani ya riƙe bargon kada ta faɗo. Mutanen da suka taru kowa ya kalli wani wuri.

Ita ta hau. Kan karyar a kan cinyarta, bargo ne kawai tsakaninsu, zafin jikin yana ratsowa kamar ta ɗora dutsen guga. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji muƙamuƙin yana motsi a jikin ƙafarta. Ba addu'ar da ba ta karanta ba, wasu ma ta haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan.

Likitar mace ce doguwa mai tabarau. Ta ɗaga bargon, ta kalli nonuwan, ta leƙa kwalin.

"Ai na san ta, ta Kafinta ce. Ni nake yi mata rigakafin hauka duk shekara. Ku ɗora ta nan, maza."

Ta aske gashi kaɗan a ƙafar gaba, ta nemo jijiya, ta fara tura allura a hankali, a hankali, abin sauraron zuciya manne a ƙirjin karyar. Mai Guga ta ƙanƙame bakin teburin. Can sai karkarwar ta ragu, ƙafafun suka saki ɗaya bayan ɗaya, hakin ya lafa. Toka ta lumshe ido, ta buɗe, ta kaɗa ƙarshen wutsiya sau ɗaya.

"Ba hauka ba ce, Mama," in ji likitar. "'Ya'yan ne suka zuƙe mata sinadarin ƙashi, kalsiyam. Nonon ya yi yawa, abin da take ci bai mayar mata da shi ba. Da kun ƙara jinkiri, da wani zance ake yi."

Mai Guga ta kwance bakin zanenta ta miƙa kwalbar. "Ba wannan ba ne? Huɗu nake ba ta."

Likitar ta karanta jikin kwalbar, ta girgiza ta. "Wannan kusan sukari ne. Bai kwantar da ita ba, kuma ba shi ya kawo nonon ba. Ci da sha da kwanciyar hankali ne suka kawo shi, wannan kuwa aikinki ne. Sai dai romo da hanta kaɗai ba sa riƙe uwa mai shida. Hulbar ma ki dakata da ita, in za ki ba ta wani abu nan gaba ki fara tambayata."

Ta haɗa Mai Guga da buhun abincin kwiyakwiyai, ta ce shi uwar za ta riƙa ci, da ƙwayoyin kalsiyam, da garin madarar kwikwiyo da 'yar kwalbar shayarwa. Ta ce a raba su da uwar zuwa gobe, bayan nan ma a riƙa taya ta.

Suna cikin haka wayar ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce, ta ce an fito da shi, ya farfaɗo, yana ta tambayar wata Toka, matarsa ce? Mai Guga ta buɗe baki za ta amsa, sai ta zauna daɓas a ƙasan asibitin dabbobi ta fashe da kuka, Mai Walda na tsaye a kanta da safar walda yana cewa, "Yi haƙuri, Inna, yi haƙuri," bai ma san me ya faru ba.

Kwiyakwiyan a gidanta suka kwana, cikin kwandon kayan guga. Ta koyi riƙe su a tafin hannu tana ba su kwalba, tana yi musu faɗa kamar jikoki. Wani mai kawo mata kaya ya dawo da rigarsa ya ce yana jin wani wari, ta sake wankewa. Duk shidan sun rayu. Da suka isa yaye, Mai Walda ne ya fara zuwa yana sosa ƙeya, wai shagonsa na bukatar mai gadi.

Auta ya dawo da sanda a hammata, an ce masa shi da hawa rufi har abada, sai dai kujeru da ƙofofi. Ranar da ta rako shi shagon, Toka ta fito a guje ta daka tsalle ta ɗora masa ƙafafu a ƙirji, sandar ta zame, ya tafi zai faɗi.

"Ke! Sauka!" Mai Guga ta daka tsawa.

Karyar ta sauka nan take, ta zauna, ta zuba mata ido.

Auta ya dafa bango yana haki. "Ni shekara nawa ina ce mata sauka ba ta taɓa ji ba. Yaya, kin ƙwace min karya."

"Riƙe abarka," ta ce. Ta damƙa masa mukullin da ragowar ƙwayoyin, ta faɗa masa lokacin da ake ba ta, ta sa shi ya maimaita. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta ta kama hanya, don kayan mutane sun taru mata har sun kai taga.